Daga Kuala Lumpur zuwa Singafo: nawa ne nisan, kuma awa nawa tafiyar take ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na uku a jami'ar UPM da ke Serdang a Malesiya. An karɓi takardata a wani taro da za a yi a jami'ar NUS ta Singafo, kuma an sa ni gabatarwa ranar Litinin da ƙarfe 11 na safe. Na duba intanet, wani shafi ya ce nisan kilomita 297 ne, wani ya ce 316, wani kuma 350. Lokacin ma haka, daga mai cewa minti 45 sai mai cewa awa ɗaya da minti goma. Wanne ne daidai? Kuma zan iya bin jirgin safiyar Litinin ɗin, ko mota ta fi? Fasfon Najeriya gare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Duk alƙaluman nan da ka gani daidai ne, kowanne abin da yake aunawa daban. Amma tun kafin mu shiga lissafi ga shawarata: kada ka bi jirgin safiyar Litinin. Ka tafi ranar Lahadi, ka kwana a can. Dalilan suna tafe.

Kilomita 297 shi ne tazarar da ke tsakanin filayen jirgin biyu, wato KLIA da ke Sepang da Changi da ke ƙarshen gabashin tsibirin Singafo, idan aka ja miƙaƙƙen layi a kan taswira. Za ka ga wasu sun rubuta 296, bambancin wurin da aka kafa ma'auni ne kawai. Kilomita 316 kuwa daga tsakiyar birnin Kuala Lumpur ne zuwa tsakiyar Singafo, shi ma a miƙe. Ya fi na farko tsawo saboda KLIA ba a cikin gari yake ba, yana can kudu da birnin da kusan kilomita 50, a ɓangaren da ke kallon Singafo. Wanda ya isa filin jirgin ya riga ya rage wani yanki na tafiyar ke nan. Shi kuma 350 na titin mota ne, babbar hanyar da ta ratsa Seremban, ta gefen Melaka, ta sauka jihar Johor har bakin ruwa. Idan ka ci karo da 184 ko 160 kada su ruɗa ka: na farko mil ne irin na Ingila da Amurka, na biyu mil ɗin teku ne wanda matuƙa jirgi suke lissafi da shi. Duk 297 ɗin nan ce a wata riga.

Don ka ji girman abin a jikinka, wannan tafiya ba ta kai Kano zuwa Abuja a jirgi ba, domin wancan ya ɗan haura kilomita 360.

Maganar lokaci ta fi ta nisa daɗin bayani, kuma a nan ne yawancin mutane suke ruɗewa. Jirgin da aka fi sawa a wannan hanya, Airbus A320 ko Boeing 737, idan ya miƙe a sama yana cin kilomita 830 ko sama da haka a awa ɗaya. In da a ce zai yi wannan gudun tun daga tashi har sauka, da minti 21 ko 22 sun ishe shi. To amma ba ya samun damar yin gudun. Ƙasa da ƙafa 10,000 doka ta hana shi wuce kimanin kilomita 460 a awa. Yana ɗaukar lokaci kafin ya hau, kuma tun bai gama hawan ba lokacin fara gangarowa ya yi. Shi ya sa a wannan hanya ba a kai wa ƙafa 35,000 da ake kaiwa a doguwar tafiya, ana tsayawa ne ƙasa da haka sosai. Ma'aikatan jirgi kansu a guje suke raba ruwa da gyaɗa, kafin su kai kujerar ƙarshe matuƙi ya ce a ɗaura ɗamara.

Sannan jirgi ba ya bin wancan miƙaƙƙen layi na taswira. Kowane filin jirgi yana da hanyoyin fita da na shigowa da aka tsara, kuma iska ce ke zaɓar ɓangaren titin da za a tashi ko a sauka, domin jirgi yana fuskantar iska ne. Titunan KLIA sun kwanta daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Ranar da aka tashi ta kudu maso gabas, kai tsaye an fuskanci Singafo. Ranar da aka tashi ta ɗaya ɓangaren kuwa, sai jirgi ya fara ba wa Singafo baya, ya yi kwana, sannan ya kama hanya. A Changi ma haka: titunansa kusan kudu da arewa suke, idan ta kudu za a sauka sai jirgi ya wuce tsibirin, ya zagayo ta kan tekun da ke tsakanin Singafo da tsibirin Batam na Indonesiya, ya shiga layi bayan manyan jiragen da suka taso daga Turai da Ostireliya. Da wannan zagaye-zagayen ne minti 22 suke zama 40 ko 45. Wanda ya ce maka minti 45, lokacin da tayoyi ba sa taɓa ƙasa yake nufi.

Awa ɗaya da 'yan mintoci da ke kan tikiti kuwa wani lissafi ne daban. Kamfanin jirgi yana fara ƙirga ne daga lokacin da aka tura jirgin baya daga ƙofar hawa, ya tsaya a lokacin da ya ja birki a ƙofar sauka. Tafiyar da jirgi yake yi a ƙasa kafin ya kai bakin titi, da jiran izinin tashi, duk suna ciki, kuma KLIA da Changi manyan filaye ne, minti goma zuwa sha biyar a kowane ɓangare ba abin mamaki ba ne. Masu tsara jadawali suna ƙara 'yan mintoci a kai don kada kullum a rubuta musu makara. Shi ya sa za ka ga kamfani biyu, hanya ɗaya, jirgi iri ɗaya, wannan ya rubuta awa ɗaya, wancan ya rubuta awa ɗaya da kwata. Ba wai na farkon ya fi gudu ba ne. Kada ka biya ƙarin kuɗi saboda wannan bambanci.

Akwai wani ɗan lissafi da nake koya wa yaran da ke sayar da tikiti, zai yi maka amfani a sauran biranen yankin. Ka raba nisan da 800, abin da ya fita awanni ne, sai ka ƙara minti 40 na hawa da sauka da tafiyar ƙasa. Gwada shi a nan: 297 ya ba ka minti 22, ka ƙara 40, ka samu 62. Kuala Lumpur zuwa Jakarta kusan kilomita 1,130 ne, lissafin zai ba ka awa biyu da 'yan mintoci, kuma haka jadawalin yake. Kuala Lumpur zuwa Bankok kusan 1,220 ne, awa biyu da minti goma. Ka lura da abu ɗaya: Jakarta ta ninka Singafo nisa kusan sau huɗu, amma lokacin tafiyar ninki biyu ne kawai. Waɗannan minti 40 ɗin ba sa raguwa komai gajartar hanya, kuma a gajeriyar hanya irin taka su ne suka cinye kashi biyu cikin uku na lokacin.

Ka yi sa'a a abu ɗaya, agogon Malesiya da na Singafo ɗaya ne. Tun 1 ga Janairun 1982 ƙasashen biyu suka koma awa takwas gaba da agogon GMT, wato awa bakwai gaba da Najeriya. Lokacin da ke kan tikitinka babu wani ragi ko ƙari a cikinsa. Da Jakarta ko Bankok za ka da sai na ce ka kula, domin su suna baya da awa ɗaya. Jakarta tana gabas da Kuala Lumpur, a ƙa'ida ita ya kamata agogonta ya riga, amma sai ya zama akasin haka, saboda Malesiya ta daidaita agogonta ne da jihohinta na Sabah da Sarawak da ke tsibirin Borneo. Sai mutum ya ga tikiti ya ce tashi ƙarfe 10, sauka 11 da minti biyar, ya ɗauka awa ɗaya ce, a dawowa kuma ya ga awa uku ya fara zargin kamfani. Awa biyu ce duk a tafiyar biyu. Wannan gaban da agogo ya yi wa rana shi ne kuma ya sa kake sallar azahar bayan ƙarfe ɗaya, magariba bayan bakwai. A Singafo lokutan suna riga na Serdang da 'yan mintoci kaɗan. Akwai wuraren salla a KLIA da Changi duka.

Yanzu mu zo ga ainihin abin da ya dame ka, wanda ba nisan sama ba ne: daga ƙofar ɗakinka a Serdang zuwa zauren taro a Kent Ridge, unguwar da NUS take, awa nawa?

Zamanka a Serdang ya taimake ka, domin kana kudu da birni, ba sai ka shiga babbar tashar KL Sentral ka biya kuɗin jirgin ƙasan KLIA Ekspres ba. Akwai tashar MRT, wato jirgin ƙasan cikin gari, ta UPM a layin Putrajaya tun 2023. Ka hau zuwa Putrajaya Sentral, ka canza zuwa KLIA Transit, wanda ke kai ka filin jirgi a kimanin minti 20. Da jira da tafiyar ƙafa, ka ware awa ɗaya. In Grab ka kira, motar hayar da ake kira ta waya, kuma hanya a buɗe take, minti 40 za su iya isa. Ka tabbata ka san tashar da jirginka zai tashi: AirAsia a Terminal 2 take, wadda har 2023 ake kira klia2, su kuma Malaysia Airlines da Singapore Airlines suna Terminal 1. Gine-gine biyu ne daban, sai da jirgin ƙasa ko bas ake haɗa su. Terminal 2 kuma doguwar tafiya ce da shi, sai ka ratsa kantuna kafin ka ga kantar karɓar fasinjoji, daga shige da fice zuwa wasu ƙofofin hawa kuma za ka iya cin minti 15 a ƙafa.

Ka isa awa biyu kafin tashi, kada ka rage. Abokan karatunka 'yan Malesiya za su ce maka awa ɗaya ta isa, domin su a waya suke karɓar katin shiga jirgi su wuce. Kai ba haka ba ne. Mai fasfon da ke buƙatar biza yakan bi ta kanta a duba takardunsa da ido kafin a sake shi, kuma galibi ana rufe kanta awa ɗaya kafin tashi. Sai jirgin, awa ɗaya da minti biyar. A Changi, sauka da shige da fice da ɗaukar kaya, ka ba su minti 40. In AirAsia ka bi, a Terminal 4 za ka sauka, kuma babu tashar MRT a jikinsa, sai ka hau bas ɗin filin jirgi zuwa Terminal 2 tukuna.

Daga nan sai abin da taswirar jirgi ba ta nuna maka ba. Changi yana ƙarshen gabas, NUS tana ɓangaren yamma. A MRT za ka canza a Tanah Merah, ka ratsa tsakiyar gari har Buona Vista, ka sake canzawa zuwa layin zagaye ka sauka a Kent Ridge. Awa ɗaya da 'yan kai. Tasi zai yi a rabin awa ko fiye kaɗan in babu cunkoso, amma kuɗin tasi a Singafo da dalar can ake biya, ɗalibin da ke kashe ringit zai ji a jikinsa.

Tara su: awa ɗaya, biyu, ɗaya da biyar, minti 40, ɗaya da goma. Kusan awa shida. Da Grab a wannan ɓangare da tasi a wancan, awa biyar. A cikin duk wannan, minti 45 kacal ka yi a sama. Don ka tsaya gaban mutane ƙarfe 11 da natsuwa, ka yi rajista, ka gwada na'urar nuna rubutu, sai ka bar ɗaki wajen ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da MRT bai fara aiki ba, kuma sai komai ya tafi daidai ba tare da tangarɗa ko ɗaya ba.

Tangarɗa kuwa a wannan sararin ba baƙuwa ba ce. Ka zauna a Malesiya, ka san yadda hadari yake haɗuwa bayan azahar, musamman a Afrilu da Mayu da kuma Oktoba da Nuwamba. Ruwan kansa ba ya hana jirgi tashi sosai. Tsawa ce matsalar: da zarar an yi gargaɗin walƙiya sai a janye ma'aikatan da ke loda kaya da zuba mai daga fili, komai ya tsaya cak. Singafo na cikin wuraren da aka fi yawan walƙiya a duniya. Kana iya cewa ai da safe za ka tashi, to akwai wata guguwa da ke tasowa daga tsibirin Sumatra ta tsallako mashigin Melaka, kuma lokacinta shi ne kafin asuba zuwa hantsi, galibi daga Afrilu zuwa Nuwamba. Ba kullum take zuwa ba, amma ranar da ta zo jiragen safe ne take kamawa. Akwai kuma hayaƙin gobarar daji daga Sumatra da Kalimantan a shekarun fari, irin na 2015 da 2019. A jirage masu arha akwai ƙarin dalili: jirgi ɗaya ne yake kai da komowa tun safe har dare, yana tsayawa rabin awa ko ƙasa da haka a kowace tasha, saboda haka makarar da aka yi da hantsi tana bin sa tana ƙaruwa har dare. A ranar da babu hadarin asuba, jirgin farko shi ne ya fi cika alƙawari. Ranar Lahadin, ka zaɓi na safe ko na kafin azahar.

Abin da ke rage zafin wannan duka shi ne yawan jiragen. Kamfanin OAG mai tattara jadawalin jirage na duniya ya sa wannan hanya a matsayi na ɗaya cikin hanyoyin ƙasa da ƙasa a 2018, da jirage sama da 30,000 a shekara, wato fiye da 80 a kowace rana in aka haɗa zuwa da dawowa. A 2023 ma ita ce ta ɗaya, da kujeru kusan miliyan 4.9. Ba haka take da can ba. Kamfanonin ƙasashen biyu asalinsu ɗaya ne, a 1972 suka rabu, kuma suka riƙe hanyar tsakaninsu shekaru da dama tikiti na tsada. Sai a 2008 aka buɗe wa jirage masu arha ƙofa. Amfanin wannan gare ka shi ne in an soke jirginka na Lahadi, akwai wasu da yawa a bayansa. In na safiyar Litinin ne aka soke, na bayansa ba zai amfane ka ba.

To mota fa? A kan takarda ta fi kyau fiye da yadda mutane suke zato. Babbar tashar bas ta TBS tana Bandar Tasik Selatan, kusa da kai. Bas yana cin awa biyar zuwa shida har cikin Singafo, kujeru masu faɗi, ba a takura maka a kan kilo bakwai na jakar hannu kamar a jirgi mai arha, kuma kuɗin bai kai na jirgi ba, musamman in ka tuna harajin da Changi ke ɗora wa mai tashi daga can ya haura dala 60 ta Singafo, abin da ya sa tikitin dawowa yakan fi na zuwa tsada. Yawancin manyan bas suna bi ta gada ta biyu mai haɗa Johor da Singafo, da ke Tuas, wadda aka buɗe a 1998, kuma tana yammacin tsibirin, ɓangaren da NUS take. Wanda bas ya sauke a HarbourFront tashar MRT biyar ce tsakaninsa da Kent Ridge. Ƙofa zuwa ƙofa, awa shida da rabi zuwa bakwai da rabi. Ka ga ke nan jirgin da ke gudun kilomita 800 ya fi bas da awa ɗaya ko biyu ne kawai.

Da ɗan Malesiya ne ya yi min wannan tambaya, da na ce ya hau bas ya yi barcinsa. Kai ba zan ce maka haka ba, a tafiyarka ta farko dai. A kan iyaka ana sauke fasinjoji sau biyu, a ɓangaren Malesiya don fita, a ɓangaren Singafo don shiga, kuma a na biyun da kayanka duka za ka sauka. Bas yana jira a can gaba, amma jiran yana da iyaka. Kamfanoni da yawa suna rubutawa a sharuɗɗan tikiti cewa minti 20 ko 30 za su tsaya. Masu fasfon yankin suna wucewa cikin 'yan mintoci. Mai koren fasfo ana iya kai shi gefe a tambaye shi wasiƙar gayyata, masauki, tikitin komawa. Ba laifi ya yi ba, aikinsu suke yi, amma kafin a sallame shi direba ya ja mota. Tuas kuwa unguwar masana'antu ce, ba wurin da baƙo zai so ya tsinci kansa da jaka da dare ba. A Changi in an tsayar da kai rabin awa, rabin awar kawai ka rasa, babu abin da ya tafi ya bar ka. Wannan ne dalilin da ya sa na zaɓar maka jirgi, ba saurinsa ba.

Ga kuma cunkoso. Tsohuwar gadar Johor zuwa Woodlands, wadda aka buɗe a 1924, tsawonta kilomita ɗaya ne da 'yan mitoci, amma mutum sama da 300,000 ke bi ta kanta a rana, yawancinsu mazauna Johor masu aiki a Singafo. Yammacin Lahadi shi ne lokacin da masu hutun ƙarshen mako suke komawa, gadojin biyu duk suna cika. Lokacin sabuwar shekarar Sinawa ko ƙaramar salla, wannan kilomita ɗayan yana iya cin awannin da suka fi na jirgin gaba ɗaya. In kana son gwada bas, ka gwada shi a dawowa, da rana a tsakiyar mako, lokacin da babu wanda ke jiranka da agogo.

Jirgin ƙasa ba na ba ka shawararsa a wannan tafiya. Tun 2011 da aka rufe tashar Tanjong Pagar jiragen Malesiya ba sa shiga tsakiyar Singafo. Sai ka sauka a Johor Bahru ka nemi ɗan jirgin da ke tsallake gada zuwa Woodlands a minti biyar, kuma tikitinsa yana ƙarewa tun da wuri. Abin takaici, maganin wannan tambaya taka an taɓa zana shi a takarda. A 2013 firaministocin ƙasashen biyu na lokacin, Najib Razak da Lee Hsien Loong, suka sanar da jirgin ƙasa mai tsananin gudu wanda zai haɗa biranen biyu a minti 90, aka sa hannu a 2016, aka dakatar a 2018 bayan canjin gwamnati a Malesiya, aka soke a ranar 1 ga Janairun 2021, har Malesiya ta biya Singafo diyyar sama da dala miliyan 100 ta can. A ganina nisan kilomita 350 na jirgin ƙasa ne, ba na sama ba, kuma jirage 80 a rana a kan irin wannan tazara ɓarnar mai ce. Tashar da aka tsara a Singafo ma a Jurong East take, nan kusa da inda za ka. Akwai kuma ƙananan jirage masu farfela na kamfanin Firefly tsakanin Subang da Seletar. Filayen ƙanana ne, ba dogon layi, suna yi wa mazauna Petaling Jaya da Shah Alam daɗi, amma daga Serdang ba su rage maka wani abin kirki ba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe saboda shi ba a auna shi da awanni. Najeriya tana cikin ƙasashen da Singafo ta wajabta wa biza, kuma takardar zaman ɗalibi ta Malesiya ba ta buɗe maka ƙofar Singafo. Ana nema ta hannun wakilan biza da ofishin jakadancinsu ya amince da su, ko ta hannun wanda ya gayyace ka a can, kuma za a nemi wasiƙar gabatarwa daga mazaunin ƙasar ko wata hukuma mai rajista a can. Ka rubuta wa masu shirya taron yau, sun saba da wannan buƙata. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito. Ka duba fasfonka ya rage masa aƙalla wata shida. Ka duba kuma ranar ƙarewar takardar zamanka ta Malesiya, domin in lokacin sabuntawa ya zo daidai da taron, fasfon zai kasance a hannun ofishin ɗalibai na ƙasashen waje, ba a aljihunka ba, kuma dawowa da takardar da ta ƙare wata matsala ce daban. Akwai katin isowa na Singafo da ake cikewa a intanet cikin kwana uku kafin shiga, kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu, kada ka biya wani shafi da zai ce zai cike maka. In ka je gida hutu ka dawo cikin kwana shida kafin tafiyar, za su nemi katin rigakafin cutar shawara.

Kayan hannu kuma: kilishi da dambun naman da aka aiko maka daga gida ka bar su a Serdang, Singafo ba ta yarda a shigo da nama sai daga ƙasashen da ta amince da su. Sigarin lantarki haramun ne a can. Kuma komai kusancinka da mutum kada ka karɓar masa saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, hukuncin safarar ƙwaya a Singafo kisa ne, kuma suna zartarwa. In takardar taka ta bango ce mai naɗewa a bututu, ka tambayi kamfanin jirgin ko za su ƙirga bututun a cikin kayan hannu, in ba haka ba a ƙofar hawa za a caje ka kuɗin da ya fi na bugawar.

Masauki a Singafo akwai tsada, kuma na san shi ne ya sa kake tunanin safiyar Litinin. Ka tambayi masu taron ko jami'ar tana da ɗakunan baƙi ko rangwame a wani otal. In babu, ka nemi ɗan gado a gidajen kwanan matafiya da ke unguwar Kampong Glam, kusa da Masallacin Sultan. Abincin halal a ko'ina yake a wurin, kuma daga tashar Bugis layi ɗaya ne zuwa Buona Vista, ka canza sau ɗaya ka sauka a Kent Ridge. Ka fita ƙarfe tara, za ka isa da sauran lokacin shan shayi. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi taro lafiya.